Filin Shawarwari: Gurnanin Tsohuwar Mota Bayan Ambaliyar Alau

TAMBAYA

Malam, ina neman shawararka a kan wata mas'ala game da motata, Peugeot 504 haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin watan Satumba na 2024, ruwa ya ci unguwarmu ta Bulabulin, motar kuwa tana ƙofar gida, har ya shanye tayoyinta. Da ya janye, bakanike ya juye baƙin mai, ya wanke tanki, ta tashi lafiya lau. Daga baya sai wani gurnani ya soma kaɗan-kaɗan, yanzu kuwa da zarar na wuce Auno a kan hanyar Damaturu, gudu ya kai kilomita 70, ni da na kusa da ni ba ma jin maganar juna. Wani ya ce tsufa ne, in haƙura. Wani ya ce in shimfiɗa soso da kafet mai kauri. Wani kuma ya ce in sake tayoyi duka huɗu, alhali ƙarfina bai kai ba. Da wanne zan fara?

Naka, mai karatu daga Bulabulin, Maiduguri.

AMSA

Allah ya jiƙan mahaifi, ya kuma mayar muku da alherin abin da ruwa ya ci.

Ɗan'uwa, kada ka fara da ko ɗaya daga cikin ukun nan, domin duk wanda ya yanke hukunci a kan ƙara tun bai san inda take fitowa ba, ya gina fatawarsa a kan zato, kuma da wannan zaton za a cinye maka kuɗin da ya kamata ka kashe wuri guda. Tsufa shi kaɗai yakan kawo hayaniya mai tafiya daidai, shekara da shekaru. Amma gurnanin da ya soma bayan ruwa, yake kuma ƙaruwa wata bayan wata, yana da sababi takamaimai, kuma kunnenka da hannunka sun isa su kai ka kusa da shi kafin ka biya kowa ko kwabo.

Ka nemi miƙaƙƙiyar kwalta da rana tsaka, lokacin da motoci suka yi sauƙi, ka kai gudun da gurnanin ke bayyana, sannan ka taka kuloci na ɗan lokaci ba tare da ka kashe inji ba. Idan ƙarar ta sauka tare da saukar kukan inji, to illar tana ga injin ko salansa. Idan kuwa ta tsaya yadda take, ba ta raguwa sai gudun motar ya ragu, to tana ga abin da ke juyawa tare da tayoyi. Daga nan sai ka lura da abu biyu. Ƙarar da take sauya murya idan ka bar sabuwar kwalta ka hau tsohuwa mai kaushi, galibi ta taya ce. Wadda kuwa ba ruwanta da irin hanya, amma take ƙaruwa ko ta lafa idan ka karkata sitiyari kaɗan, ita ce alamar boris, wato ƙwallayen ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu. Hikimar wannan gwaji ita ce, idan ka karkata dama nauyin mota yakan koma kan tayoyin hagu, saboda haka in gurnanin ya tsananta a lokacin, boris ɗin hagu ne abin tuhuma, haka kuma akasinsa.

Abin da ya fi rinjaye a zuciyata, bisa ga labarin da ka bayar, shi ne boris. Bakanikenka ya yi daidai da ya fara da inji, sai dai ruwan ambaliya, wanda yake tafe da yashi da laka, ba ya tsayawa a nan: yakan kutsa ta bakin robar da ke tsare giris, ya gurɓata shi, ya bar tsatsa a kan ƙarfen da ya kamata ya zama sumul, ta yadda motar za ta yi makonni tana tafiya shiru, tsatsar tana cin ƙarfen sannu a hankali, har ranar da gurnani zai fito fili. Domin samun yaƙini, a ɗaga kowace taya da jak, a tokare motar da kyau, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi lilo, ko ka juya ta ka ji tana gurza, hujja ta tabbata. Haka nan bayan doguwar tafiya, ka kusantar da bayan hannunka ga tsakiyar kowane rim, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi ka sa a buɗe shi.

Tun da 504 da tayoyin baya take ja, wajibi ne a duba akwatin haƙoran da ke raba musu ƙarfin inji, wanda bakanike ke kira aksil, domin yana da 'yar kafar shan iska da ruwa kan bi ya shiga. A kwance murfinsa a ga man: in ya koma fari-fari, ruwa ya gauraya da shi, a juye a zuba sabo, a yi wa akwatin giya haka nan. Alamar illarsa kuka ne siriri daga baya, mai sauyawa idan ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa.

Game da tayoyi, ka shafa tafin hannunka a kan zanensu. In ka ji tudu da kwari, ko gefe guda ya fi cinyewa, to shokabzoba ko bushin sun gaji, ko saitin ƙafafun ya goce, kuma sabuwar taya ma haka za ta lalace muddin ba a gyara asalin ba. Ka musanya na gaba da na baya, in ƙarar ta bi su ka gane mai laifi. Ka kuma karanta lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tayoyin da suka tsufa, musamman na gwanjo, kuma a garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, roba tana saurin bushewa ta yi tauri, ta ƙara ƙara, ta kuma kusanci fashewa.

Sai an gama waɗannan ne maganar soso da kafet take da muhalli, kamar yadda malaman fiƙihu ba sa gabatar da nafila a kan farilla. A ɗage tsohon kafet, a zubar da shimfiɗar da ta sha ruwa ta ruɓe, a kankare tsatsa, a like duk ramin da ke ƙasa, a mayar da robobin da ke toshe kafofin bodi, domin ta ƙaramin rami hayaniyar hanya take shigowa, ta nan kuma hayaƙin salansa mai yoyo kan bi, wanda gubarsa ba ta da wari, tana sa direba ciwon kai da gyangyaɗi. Robar ƙofa kuwa, ka rufe ƙofar a kan takarda ka ja. In ta zare babu wuya, iska tana shiga ta nan, a sake robar.

Hukuncina a taƙaice: boris da man aksil tukuna, sannan tayoyi da shokabzoba, sannan salansa, shimfiɗa a ƙarshe. Boris ɗin da ya ci ƙarfinsa yana iya kamewa ko ya saki taya ana cikin gudu, rayukan waɗanda ka ɗauka kuwa amana ce a wuyanka. Saboda haka kada ka sake hawa hanyar Damaturu da iyali sai an ɗaga tayoyin nan huɗu an duba su a gaban idonka. Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.