Littafin Shaihu Umar da Tambayoyin Samarinmu

Karatu: Farawa sura 37 da 50, Fitowa 21:16, Wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon.

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai wani ɗan littafin Hausa wanda 'ya'yanmu da yawa su ke karantawa, sunansa Shaihu Umar. Alhaji Abubakar Tafawa Balewa ne ya rubuta shi tun yana malamin makaranta. Mu mutanen Katsina muna da rabo a cikinsa, gama a Kwalejin Katsina ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933. A 1933 ɗin nan Dokta East na Ofishin Fassara na Zariya ya sa gasar rubuta labarai, aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, aka buga su a 1934. Marubucin ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a Janairu 1966. A 1976 kuma Adamu Halilu ya mai da labarin fim.

Ga labarin a taƙaice. An haifi Umar a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Aka yi wa Makau ƙazafi, wai ya ɓoye waɗansu daga cikin bayin da aka kamo wurin hari, sarki ya kore shi. Umar yana ɗan yaro aka sace shi, ya yi ta shiga hannu daga wannan zuwa wancan har Kano. Can wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi zuwa Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka haye hamada da ita cikin bauta. Da ƙyar suka sadu, ba ta daɗe ba ta mutu. Umar ya komo, ya zauna Rauta a ƙasar Bauchi yana koyarwa.

Labarin ƙagagge ne, amma hanyar ba ƙagaggiya ba ce. Ayarori sun bi ta Katsina da Agadas da Murzuk har Tarabulus, a cikin kayansu kuwa har da mutane. Samarinmu da 'yan matanmu da suka karanta shi ba su rufe shi da dariya ba. A taron zumunta da ajin Lahadi sun kawo mana tambayoyi uku. Kada mu ce musu su yi shiru, gama Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan magana ba.

Tambaya ta fari: Ashe bauta ta yi wa Umar amfani?

Waɗansu sun ce, da ba a sace shi ba, da bai zama shaihu ba. Waɗansu kuma suka husata, suka ce don me marubucin ya nuna mai sayen yaro kamar mutumin kirki? Mu duba Yusufu. 'Yan'uwansa sun sayar da shi ga Isma'ilawa a bakin azurfa 20, shi ma Masar aka kai shi, shi ma ya sami girma a can. Amma Yusufu bai taɓa kiran abin da aka yi masa alheri ba. A kurkuku ya faɗi sarai sato shi aka yi (Farawa 40:15). A ƙarshe ya nuna wa 'yan'uwansa abu biyu tare: nufinsu mugu ne, Allah ne ya juya shi ya zama ceton rayuka (Farawa 50:20). Wanda ya riƙe na biyu ya saki na fari, ya wanke ɓarawo. Wanda ya riƙe na fari ya saki na biyu, zuciyarsa za ta cika da ɗaci.

Shari'ar Musa ta yanke hukuncin kisa ga mai satar mutum, ko ya sayar da shi ko an iske shi a hannunsa. Bulus kuma ya jera masu satar mutane tare da masu kisankai (1 Timothawus 1:9-10). Saboda haka mu ce wa yaran su sake duban uwar Umar. Ita ce ta biya tsadar karatun ɗanta. Kirkin Abdulkarim bai mayar mata da shekarunta ba. Mai karatu da hankali zai ga marubucin bai ɓoye wannan ba, ya bar hawayenta su yi wa'azin.

Tambaya ta biyu: Kakannin wa suka yi wannan, kakannin wa aka yi wa?

Nan ne hatsarin ya ke. Wani saurayi ya gama littafin ya fara duban maƙwabcinsa Musulmi da ƙiyayya. Wani kuma ya juya kan abokinsa yana yi masa ba'a da asali. Gaskiya ɗaci gare ta, amma sai mu faɗe ta duka. Sarakunan ƙasar nan sun yi hari sun kama mutane, kafin jihadin 1804 da bayansa. Turawa masu amsa sunan Kirista sun kwashe miliyoyin 'yan Afirka cikin jiragen ruwa zuwa Amurka, waɗansunsu har suna karanta Littafi Mai Tsarki don su kāre cinikinsu. Sai a 1807 Ingila ta hana cinikin, bayan su Wilberforce sun yi shekaru suna fama a majalisa. A Arewa, dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum ba sai 1936. Ba al'ummar da za ta ɗaga hannu ta ce nata da tsabta.

Mu kuma dubi gidanmu. Har yanzu akan ji dattawa, in maganar aure ta taso, suna raɗa cewa gidan su wane ba 'ya'ya ba ne. Yaranmu suna jin wannan raɗa. Bulus ya komar da Onisimus wurin Filimon, ya roƙe shi ya karɓe shi kamar ɗan'uwa ƙaunatacce, har ya ɗauki bashinsa a kansa. Ekklesiyar da ta ke cin Jibin Ubangiji tare, sa'an nan ta hana aure saboda bautar kakanni, tana rushe abin da ta ke wa'azinsa.

Ya kamata samarinmu su san Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi, aka sayar, aka 'yanta shi a Kukawa. Ya bi matafiyin nan Barth zuwa Ingila a 1855. Can ya taimaki Schön, ma'aikacin Bishara, wajen aikin Hausa, har aka juya sassan Littafi Mai Tsarki cikin harshenmu, tun ba a buga cikakkensa na 1932 ba. Wanda ya ke raina jikan bawa, ya tuna bakin wa ya fara buɗe masa wannan ƙofa.

Tambaya ta uku: Yaya a ke ce mana tarihi ne, ga shi muna gani?

Wannan ita ce mafi nauyi, 'yan mata ne kuma suka fi kawo ta. A Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare, suka kora yara fiye da 300 cikin daji. An sake su bayan kwana shida, amma ƙauyuka da yawa a jiharmu sun ga irin wannan, ba wanda ya ji labarinsu. Iyaye sun sayar da gona da shanu don su haɗa kuɗin fansa. Yaron da ya san wannan, in ya karanta yadda uwar Umar ta bi hanya tana cigiya, ba tatsuniya ya ke gani ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: mai satar mutane ba ya tambayar addini.

Ku lura da kalmar fansa. Da ita kakanninmu suka karɓo 'yan'uwansu daga bauta, da ita iyaye su ke kuka yau, da ita kuma Yesu ya bayyana dalilin zuwansa, wato ya ba da ransa fansar mutane da yawa (Markus 10:45). Ɗan bindiga yana sa wa mutum kuɗi kamar akuya. Allah kuwa ya nuna darajar mutum da jinin Ɗansa (1 Bitrus 1:18-19). Wanda aka fansa da wannan tsada ba shi da izinin tsayawa kallo. An umurce mu mu tuna da waɗanda ke ɗaure kamar tare a ke ɗaure da mu (Ibraniyawa 13:3). Mu ziyarci gidan da aka ɗauke wa mutum, Kirista ne ko Musulmi. Mu nome gonar, mu biya kuɗin makarantar yaran. Mace ko yarinya da ta komo daga daji, mu karɓe ta da mutunci, mu kame bakinmu daga gulma.

Tambayoyi domin aji

1. Wane abu biyu Yusufu ya riƙe tare game da 'yan'uwansa?
2. Akwai gidan da a ke ƙi da aure a ekklesiyarku saboda asali? Me Filimon zai koya muku?
3. Wane gida ne kusa da ku ke jiran wanda aka sace? Me ajinku zai yi musu cikin watan nan?

Bari dattawa su zauna su karanta littafin tare da samari, da Littafin Farawa a buɗe a gefe. Ubangiji shi ba mu hikimar amsawa. Amin.