Ɗan damfara ba ya son a yi shawara

Bayan an gama girbi, samari da yawa na ƙasar Tasawa da ta Mayahi suna tafiya cirani. Waɗansu su nufi Kano, waɗansu Agadas ko Libiya. A shekarar 2014 aka gano zinariya a Jado, mutane masu yawa suka tafi can. Dā, in ɗan cirani zai aiko da kuɗi gida, sai ya ba ɗan garinsu ko direban mota. Yanzu kuwa ta salula ake aikowa, ko ta gidajen aika kuɗi kamar Nita da Amana.

Wane ne ke karɓar kuɗin a ƙauye? Sau da yawa tsoho ne ko tsohuwa. Ba su yi boko ba, idonsu kuma ya rage gani. Su ne ƴan damfara suka fi nema.

Ga dabaru uku na ɗan damfara.

Ta farko, sai ya kira tsoho ya ce: « Baba, ɗanka ya yi haɗari a hanyar Agadas, yana asibiti. A turo jika talatin yanzu-yanzu. » Hankalin tsoho ya tashi, ya saida tunkiya, ya tura. Alhali ɗansa yana nan lafiya lau.

Ta biyu, sai ya kira tsohuwa ya ce: « Inna, albishirinki! Kin ci kyautar babur. Amma sai kin biya jika biyar, ki kuma faɗa mini lambarki ta sirri. Kada ki gaya ma kowa. » Lambar sirri ita ce makullin kuɗin da ke cikin salula. Wanda ya san ta yana iya kwashe su duka.

Ta uku a kasuwa take. Tsoho ya kawo akuya kasuwar Mayahi ko ta Maijirgi. Ɗan damfara ya jira sai rana ta kusa faɗuwa, ya taya da tsada, ya biya da takardar jabu, ya ja akuya ya ɓace.

Ku lura da kyau. A cikin dabarun nan akwai gaggawa, akwai ɓoyo, akwai kwaɗaitarwa. Ɗan damfara yana tsoron a tsaya a yi tambaya, don ya san asirinsa zai tonu. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

To, mi ɗan makaranta zai yi?

In saƙo ya shigo salular kakanka, karanta masa shi duka, a hankali. In an ce wani ya yi haɗari, a kashe kiran, a nemi mutumin da lambarsa da aka sani, ko a kira abokin tafiyarsa. Kada a tura ko dala kafin a ji muryarsa. Kada a faɗa ma kowa lambar sirri, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Ku koyi takardun kuɗi kuma. Bankin BCEAO ne ke fitar da kuɗin sefa. Cibiyarsa tana Dakar, yana da reshe a Maraɗi. Takardar jika goma shunayya ce, ta jika biyar koriya, ta jika biyu shuɗiya, ta jika guda ja. Waɗannan sun fito a 2003. Ta dala ɗari ta biyo baya a 2012. In kun ɗaga takarda ta gaskiya wajen haske, za ku ga hoton kifi mai baki kamar zarto a ɓoye cikinta.

In an riga an cuci tsoho, kada a yi masa dariya. Kunya ce ke sa tsofaffi su yi shiru, shirun nan kuwa shi ke ba macuci damar cutar wani. A adana lambar da ta kira. A sanar da maigari, a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda. Nijar ta kafa dokar kare masu saye a 2015, da dokar hukunta laifin da ake yi ta salula da intanet a 2019.

Ma'anar kalmomi
Damfara: karɓe abin mutum ta hanyar ƙarya.
Jabu: abin da aka ƙera don ya yi kama da na gaskiya.

Tambayoyi
1. Don mi ƴan damfara suka fi neman tsofaffi?
2. Faɗi alamu uku da ake gane su da su.
3. Mi ya kamata a yi kafin a tura kuɗi?

Lissafi
Jika guda dala 200 ce. An sayi akuya jika 25. Cikin kuɗin, takardar jika goma guda ta jabu ce. Dala nawa mai akuya ya yi hasara?

Aikin gida
Karanta ma kakanninka wannan darasi da dare. Gobe ka faɗa ma mushe abin da suka ce.