Kafin Ka Rabu da Gwangwanin Iya

Ɗana, na ji ka samo gwangwanin tsofaffin kuɗi a cikin kayan marigayiya Iya, har wani abokin sana'arka a Wapa ya taya. Ka dakata tukuna. Ban hana ka sayarwa ba, gadonku ne. So nake ka san abin da ke hannunka kafin ka sallama.

Ku 'yan canji kun saba da takarda, kuna gane dalar Amurka ta jabu da shafar yatsa. Ƙarfe kuwa sai an zauna masa. Ka shimfiɗa farin ƙyalle da hantsi, ka zazzage su, ka ware kowanne da danginsa: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fataka. Masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, su ne muka yi cefane da su muna yara a nan Fagge. Aninin farko na 1907 da sanholo aka yi shi, shi ya sa za ka ji shi sakayau kamar ba komai a tafin hannu.

Ba a ƙasar nan aka buga su ba. Turawa sun kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, ita ke ba da aikin a Ingila. Idan aiki ya yi wa babbar maƙerar gwamnati ta Landan yawa, sai a raba wa kamfanoni, kowanne kuma ya bar 'yar shaidarsa, harafi ɗaya ko biyu da ba su kai ƙwayar gero ba. H na kamfanin Heaton ne a birnin Bamingam. KN na King's Norton ne, shi ma a can. SA kuwa Firitoriya ce ta Afirka ta Kudu, za ka iya cin karo da ita a kwabon 1947. Wanda ba shi da harafi, na maƙerar gwamnati ne. A masu huda ka duba dab da hudar, ta fuskar da ke da kambin sarauta. A sule da fataka ka duba gindin bishiyar kwakwar manja. Ido kaɗai ba zai wadatar ba. Ka shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu gyaran agogo, ka nemi irin gilashin nan da suke maƙalawa a ido.

Abin da ya sa nake nanata wannan, sule biyu sai su zo shekara ɗaya, hoton sarki ɗaya, amma masu tara tsofaffin kuɗi su yi watsi da ɗaya su yi rububin ɗayan, don kawai maƙerar da ta buga shi kaɗan ta buga. Sulen 1920 mai harafin G, na kamfanin Gaunt, yana cikin waɗanda ake nema ido rufe. Da wuya ka same shi, amma dubawa ba ta cin kuɗi. Akwai kuma na kuskure: kwabon 1956 mai H da ya fito da sunan Sarki Joji na Shida, alhali ya rasu tun 1952, 'yarsa Elizabet ke kan gado. Don haka ka riƙa haɗa shekara da sunan sarki, ka ga ko sun yi daidai.

Kada kuma zumuɗi ya ɗebe ka. Za ka ga na 1936 da sunan Edwad na Takwas, wanda ya yi murabus bai cika shekara ba. Mutane na jin labarinsa sai su ɗauka sun tsinci dami a kala. An buga su da yawan gaske, ba su da wata tsada. Haka babbar dalar azurfar nan mai hoton Mariya Taresa, wadda mata ke ratayawa a sarƙa. Kusan duk wadda ka ɗauka 1780 za ka gani, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara a Biyana da Landan da Bombai da wasu biranen har cikin ƙarni na 20. Shekarar da ke jikinta ba shekarar haihuwarta ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne wanki. Na taɓa yi da kaina. Ina saurayi na sami sulallan azurfa na kakanmu, irin na 1913 zuwa 1920, kafin a koma na ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Na dirje su da toka da lemon tsami don su yi ƙyalli, ina ganin gwaninta na yi. Daga baya wani masani ya nuna mini ƙarce-ƙarcen da na yi musu, ya ce na zubar da mafi yawan darajarsu. Har yau abin na yi mini ciwo. Duhun nan da ke jikinsu, masu nema shi suke so. Ka riƙe su ta gefe, ka naɗe kowanne a takarda daban, ka rubuta shekara da harafi a kai. Kada ka kai wa maƙerin azurfa ya auna a sikeli. Shi nauyi yake saye, gobe ya narkar.

Wanda ya zo yana gaggauta ka, ko ya ce akwai wani Bature da zai biya miliyoyi in ka fara ba da kuɗin gwaji, ka sallame shi da fatan alheri. Ka ɗauki hoton fuska biyun, ka gwada da kundayen masu tara kuɗi a intanet, ka ji ta bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba.

Ko da duk sun zama na gama-gari, ka ware kwabo ɗaya da anini ɗaya ka ajiye wa 'ya'yanka. Iya da sayar da ƙosai ta tara su, kafin naira ta zo a 1973. Ranar Juma'a in an sauko daga masallacin Fagge, ka biyo da gwangwanin gida mu duba tare. Ka taho da gilashin, idona ya yi rauni.