Awon Ƙasa Kafin Haƙa Rijiyar Burtsatse A Gaɓar Teku

Ɗan kasuwar da ke shirin kafa otal, ko masana'antar ƙanƙara ko ta ruwan leda a sassan Ikko na gaɓar teku, kamar Lekki da Apapa, ya kamata ya sani cewa ba kowace rijiyar burtsatse ce ke ba da ruwan daɗi ba. A ƙarƙashin irin wannan ƙasa ruwan daɗi yana zaune ne bisa ruwan teku, wanda ya fi nauyi saboda gishirinsa, kimanin giram 35 a kowace lita.

Badon Ghyben na Holan, da Herzberg na Jamus a 1901, sun nuna cewa kowace mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara teku tsayi, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Ashe ke nan idan yawan zuƙa ya sauke ruwan da mita ɗaya, gishiri na iya haurowa har mita 40. Ruwan teku kashi biyu cikin ɗari kuwa ya isa ya ɓata ruwan sha.

Ana gane iyakar ruwan biyu ba tare da haƙa ba, ta hanyar awon da Conrad Schlumberger ya fara gwadawa a Faransa cikin 1912. Akan kafa ƙarafa huɗu a jere, a saki wutar lantarki ta biyun gefe, a auna ta biyun tsakiya. Gwargwadon yadda aka nesanta na gefen, gwargwadon zurfin da awon ke kaiwa. Ruwan gishiri yana barin wuta ta wuce cikin sauƙi: turjiyar ruwan teku ba ta wuce kimanin 0.2 ba a ma'aunin om-mita, alhali ta ruwan daɗi takan kama daga 10 zuwa 100.

Sai dai awon na da rauninsa. Yumɓu ma yakan nuna ƙarancin turjiya kamar gishiri, bututun ƙarfe da wayoyin da ke binne cikin gari kuma kan rikita sakamako. Don haka wajibi ne a haɗa da gwajin ruwan rijiyoyin maƙwabta.

Kuɗin awo kaɗan ne idan aka kwatanta da na haƙa. Wanda ya tsallake shi ya faɗa kan gishiri, to ko dai ya yi watsi da rijiyar, ko ya sayi injin tace gishiri mai cin wuta da man dizal, ban da tsatsar da za ta riƙa cinye famfo da bututu.