Karayar ƙafa: ɗan akuya da tsohuwar akuya ba ɗaya ba ne

A duwatsun Keita da Buza, har kwarin Maggiya wajen Madawa, karayar ƙafa ba baƙuwa ba ce ga awaki. Makiyaya sukan tambaye ni, "Malam, yaushe za mu kwance ɗori?" Kafin in amsa sai na duba haƙoran dabbar.

In ƙashi ya karye, jini yakan taru ya daskare a wurin. Daga nan wasu sinadarai ke fitowa kamar ƴan aike, suna kiran ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi da hanyoyin jini. Ɗan akuya yana da maginan nan da yawa, fatar da ta lulluɓe ƙashinsa kuma mai kauri ce. Sati 3 zuwa 4 ƙashi ya kama. Tsohuwar da haƙoranta suka fara zubewa kuwa, kiran ya yi rauni, masu amsawa sun ragu. Ku ba ta sati 6 zuwa 8 a turke a gida, da harawa da dusa da gishirin lasa. In kuka yi gaggawar kwancewa, ƙafar karkacewa take.

Tsohuwar saniya mai nauyi, in karayar ta saman gwiwa ce ko ƙashi ya huda fata, shawarata ku kira mahauci tun ba ta rame ba.