Yankan da Ya Hana Yatsa Lanƙwasawa: Tiyatar Hannu da Jinyar da Ke Bayanta

Mu a nan poli da hannu muke neman ilimi. Ɗan injiniya yana kan giranda da zarto, 'yan sashen girki suna kan wuƙa, 'yan ɗakin gwaje-gwaje suna cikin kwalabe da gilasai, ɗan kwamfuta kuwa yatsunsa ne jarinsa. Shi ya sa na zaɓi darasin wannan fitowa ya zama kan hannu: wane rauni ne ke bukatar tiyata, me likita ke yi, kuma me ya rage wa mai hannun bayan an sallame shi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, aikin likita na awa ɗaya ne ko biyu, naka kuma na wata uku ne.

Yadda hannu ke aiki

Hannu ɗaya yana da ƙasusuwa 27: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, 14 a yatsu. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun suke ba, suna can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga nan wasu fararen igiyoyi masu ƙarfi suke tasowa, su ratsa tafi, su manne a ƙashin yatsa. Kowane yatsa yana da irin wannan igiya biyu ta cikinsa, babban yatsa kuma ɗaya.

Bahaushe duk jijiya yake ce musu, amma a nan sai mun rarrabe. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar saƙo, mai kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da taɓi, kamar wayar lantarki. Sai waccan igiya, wadda zan kira igiyar tsoka. Ita kamar wayar birkin keke take: ana jan ta daga nesa, tana zamewa a cikin wani siririn bututu. In ta tsinke, ja duk yadda za ka ja, birki ba zai kama ba.

Ƙaramin yanka, babbar ɓarna

Igiyar tsoka tana dab da fata, musamman a gaɓoɓin yatsa. Yankan kwano, ko fasasshen gilashi, ko wuƙar fiɗar ragon layya, wanda bai kai tsawon farce ba, yana iya tsinka ta. Jini ya tsaya, a kemis a yi ɗinki biyu, kowa ya ce an auna arziki. Sai bayan an kwance bandeji a tarar yatsa ya miƙe sambal, ya ƙi lanƙwasuwa.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Ka riƙe gaɓar tsakiya ta yatsan da ya yanke, ka gwada lanƙwasa kansa kaɗai. Sannan ka danne sauran yatsun a miƙe, ka gwada lanƙwasa shi daga tsakiya. In ɗaya ya gagara, ko ya zo da zafi da rashin ƙarfi, a ɗauka igiya ta taɓu. Sai ka shafa gefe da gefen kan yatsan. In wani gefe ya mutu ba ka jin taɓi, jijiyar saƙo ce ta yanke.

Kafin a kai asibiti, a wanke da ruwa mai tsabta, a danne da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, a cire zobe tun kumburi bai hana ba. Don Allah a daina zuba man birki, baƙin mai ko toka. A kuma tambayi allurar tetanos. In yatsa ya guntule gaba ɗaya, a naɗe guntun da ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye.

Igiyar da ta tsinke ba ta haɗa kanta, domin tsoka tana ta jan ɓangare ɗaya zuwa baya. An fi son a ɗinke ta cikin 'yan kwanakin farko. In aka wuce mako biyu zuwa uku, tsoka ta takure, bututu ya toshe, sai dai a yi dashe da igiyar da aka ciro daga wani wuri, wani lokaci ma tiyata biyu. Kuɗi ya ninka, sakamako ya ragu. Saboda haka daga kilinik ɗin makaranta ka nemi takardar turawa zuwa inda ake da likitocin ƙashi ko na gyaran fata da gaɓoɓi, irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya.

Abin da ake yi a ɗakin tiyata

Galibi ana kashe hannun ne da allura, wani lokaci kuma a sa mutum barci. Likita zai ƙara buɗe yankan, ya lalubo bakin igiyar biyu, ya haɗa su da zare mai ƙarfi, ya gyara jijiyar saƙo in ta yanke, ya rufe. Wuri mafi wuya shi ne daga tsakiyar tafi zuwa tsakiyar yatsa, inda igiyoyi biyu ke cunkushe a bututu ɗaya. Sterling Bunnell, likitan Amurka da ya fitar da shahararren littafinsa kan tiyatar hannu a 1944, ya kwatanta wurin da filin da ke tsakanin rundunoni biyu, wanda ba mai shigarsa. Sai a 1967 Harold Kleinert da abokan aikinsa suka nuna ana iya ɗinkewa a wurin a yi nasara. Babban darasin da aka koya daga nan: a fara motsa yatsa da wuri, amma bisa ƙa'ida.

Jinya: nan ake ci, nan ake faɗuwa

Haɗari biyu ne ke jiran mai jinya. In bai motsa yatsan ba, igiya ta manne da bututunta, yatsa ya sandare. In ya yi gaggawa, ɗinki ya tsinke, a koma gidan jiya. Tsakanin biyun nan ne likitan fisiyo yake bi da kai.

Za a sa maka madogari na filasta ko roba a bayan hannu na kusan mako shida, dare da rana. Za a koya maka motsin da za ka riƙa yi sau da yawa a yini a cikinsa. Ana cire zaren fata bayan kwana 10 zuwa 14, kuma a nan ne da yawa ke ruɗuwa: fata ta warke, igiya kuwa da sauranta. Ƙananan ayyuka irin su rubutu sai wajen mako shida zuwa takwas, da izinin likita. Jan bokiti, matsa birkin babur, ɗaukar ƙarfe da tsaron gida a ƙwallo, sai bayan mako 12. Jijiyar saƙo kuma tana tsirowa kusan milimita ɗaya a rana, don haka ka kiyayi wuta da ruwan zafi a yatsan da bai dawo da ji ba.

Ka riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji a kwanakin farko. Ka bar sigari da shisha, suna rage jinin da ke kaiwa ga rauni. Kada bandeji ya jiƙe. Batun alwala, addini ya yi sauƙin shafa a kan ɗauri, ka tambayi malami. In ka ji wani abu ya yi ɗas, yatsa ya daina lanƙwasuwa, ko ka ga mugunya da zazzaɓi, ranar za ka koma asibiti. Kuma ka kai wa shugaban sashe takardar asibiti tun da wuri, kada sai ranar jarrabawa ko tafiya SIWES.

Wasu biyu da ke kai mutum tiyata

Na farko ɗan kankare. Kan yatsa ɗakuna ne ƙanana a rufe. In mugunya ta taru ciki, ga zugi mai hana barci, cusa yatsa cikin lemon tsami ba zai fitar da ita ba. Sai likita ya tsaga, in ba haka ba ta ci ƙashi. Akwai wani iri mai ƙananan ƙuraje masu ruwa wanda ba a tsagawa, shi ya sa ba aikin reza ba ne a hostel. In kuwa yatsa duka ya kumbura, ya ɗan lanƙwashe, miƙar da shi ya zama azaba, ciwon ya shiga bututun igiya, asibiti a daren nan. Mai ciwon suga ya fi kowa bukatar hanzari.

Na biyu matsewar jijiya a wuyan hannu. Akwai wata 'yar hanya da igiyoyi tara da jijiyar saƙo ɗaya ke bi. In ta matse, babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami su riƙa mutuwa, musamman da dare. Ana farawa da madogarin dare ko allura. In abin ya ƙi, a tsaga rufin hanyar, aikin kusan minti 20, ƙarfin damƙa kuma ya dawo cikin watanni.

Ɗan uwa, 'yar uwa, difloma takarda ce, hannu ne zai ci da kai. A sa kariyar inji kafin a kunna, a yanka abu wuƙa na fuskantar waje. In tsautsayi ya faɗa wa na kusa da kai, ka ce masa ya lanƙwasa yatsan ka gani. Allah Ya tsare mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.