Kafin Ka Ɗaga Kyamara A Gaban Kare



Sana'ata ɗaukar hoto, kuma galibin aikina a kan dabbobi yake: dawakin hawan Sallah, ragunan layya da 'yan kasuwa ke tallatawa a Facebook da WhatsApp, shanun makiyaya, sai kuma karnuka. Masu kirana aikin kare sun kasu kashi-kashi. Akwai masu kiwon karnukan gadi don sayarwa, akwai kamfanonin tsaro, akwai kuma 'yan farauta da ke son ajiye hoton karen da ya yi musu suna a daji. Matasa da dama sun shigo harkar hoton karnuka, kuma ina murna da hakan. Sai dai abin da idona ke gani a wurin aiki ne ya hana ni yin shiru. Ana tsokanar kare don ya yi gurnani, ana dalle masa ido da walƙiyar kyamara, ana shanya shi a tsakar rana, har a ɗora masa ƙaramin yaro a baya, duk saboda hoto guda. Maganata ɗaya ce. Hoton dabba ba a ƙwatarsa da ƙarfi. Sai ta natsu take ba ka shi. Kuma babu hoton da ya kai darajar lafiyarta ko lafiyar mutanen da ke wurin.

Me ya sa kare?

Na san wani zai ce, duk dabbobin da Allah ya halitta a rasa wadda za a ɓata wa lokaci sai kare. Ba na musu cewa a ƙasar Hausa kare ba abin runguma ba ne, kuma hukuncin ajiye shi na malamai ne, ba nawa ba. Amma malamanmu sun bayyana halaccin riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. An ambaci karen Ashabul Kahfi a cikin Alƙur'ani, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa sananne ne. Ga wanda ya zauna da makiyaya ko maharba, kare abokin aiki ne, yana da suna, yana da hali, kuma ana jin rashinsa idan ya mutu.

Ku dubi karen Azawak, siririn nan mai dogayen ƙafafu na Abzinawa, wanda ya samo sunansa daga yankin Azawak da ke tsakanin Mali da Nijar. An kai shi Turai tun a shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin irin da ta amince da su. Kare ne na Sahel, amma idan ka nemi hotonsa a intanet, za ka yi ta cin karo da shi tsaye kan koriyar ciyawar Turai. Haka ma gardawanmu masu wasa da kura: Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, shi ya zo Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya ɗauke su, hotunan suka zagaye duniya. Abin da ke ƙofar gidanmu wasu ke tasowa daga nesa su ɗauka.

Inda wahalar take

Mutum za ka ce masa ya ɗan juyo, ya ɗaga haɓa, ya riƙe haka. Kare bai san wannan ba. Kunnen da ya miƙe yanzu, kafin yatsanka ya kai maɓalli ya kwanta. Wannan matsala ta daɗe. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, sai da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa kafin ya nuna wa Leland Stanford, mai dokin da ya ɗauka, cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke barin ƙasa. Ido bai iya kama wannan ba, sai saurin ƙiftawar kyamara.

Har yau darasin bai canza ba. Idan kare yana zaune, kada saurin ƙiftawarka ya gaza 1/250 na daƙiƙa, domin ko a zaune yake kansa ba ya tsayawa. Idan gudu yake, fara daga 1/1000 ka yi sama. Gara ka ɗaga ISO hoton ya ɗan yi tsakuwa-tsakuwa da ya fito a dusashe, domin na farkon ana gyara shi a kwamfuta, na biyun kuwa sai sharewa. Ka sa kyamara ta riƙa bin motsi da kanta, ka kuma sa ta ɗauki hotuna a jere.

Saiti kuma a kan ido ake yin sa, idon da ya fi kusa da kai. Kyamara takan kama abin da ya fi matsowa, wato hanci, sai ka koma gida ka tarar da hanci tar, ido a hazo. Karnukanmu na gida masu dogon baki ne, don haka idan kare ya fuskance ka kuma kana kusa, buɗin gilashi na f/2.8 ba zai haɗa maka hanci da ido ba. Matsa zuwa f/5.6. Karen bana shi ke maganin zomon bana: Sony ta fito da tsarin gano idon dabba a 2019, Canon ma ta sa shi a EOS R5 a 2020, kuma ya sauƙaƙa aiki ƙwarai. Amma duk wannan kayan aiki ne kawai. Ba su ne ke sa kare ya saki jiki da kai ba.

Sauka ƙasa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kare daga tsaye. Hoton zai fito da ƙaton kai da guntayen ƙafafu, dabbar tana kallon sama kamar mai roƙo. Elliott Erwitt, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 95, ya yi suna da hoton karnuka ne saboda ya sauko da kyamara daidai tsayinsu. Shahararren hotonsa na 1974 a birnin New York ya nuna ƙafafun wani ƙaton kare, da dogayen takalman wata mata, da wani ɗan mitsitsin kare sanye da hula. Ba a ganin fuskar matar sam, domin daga tsayin ƙaramin karen aka kalli duniya.

Wani rani na bi 'yan farauta a wani ƙauye. Akwai wata karya ja, siririya, da tabon tsohon rauni a kafaɗa, wadda kowa a ayarin ke yabo. Da na matso sai ta kwantar da kunne ta koma bayan ƙafar maigidanta. Dattijon ya ce mini, "Malam, ajiye abin nan tukuna, ka zauna." Na zauna a ƙasa, na ba ta gefe, ban kalle ta ido cikin ido ba. Muka shiga hirar zomo da gafiya. Can sai ga ta ta zo ta shinshina takalmina, ta shinshina jakar kyamara, ta koma ta kwanta, ta ɗora haɓa kan ƙafafunta na gaba. Na danna maɓalli a banza sau da yawa, kyamara na kallon ƙasa, har ƙarar ta daina ɗaga mata kunne. Sannan na yi rub da ciki a cikin ƙura. Dattijon ya tsaya a bayana ya yi fito a hankali. Ta ɗago, kunnuwa a miƙe, hasken la'asar ya bi gefen fuskarta har gashin bakinta ana iya ƙirgawa. Hoton nan zaman da na yi ne ya samar da shi, kuma dattijon ne ya san yadda za a yi, domin shi ya san dabbarsa.

Daga nan akwai ƙa'idoji uku. Mai kare ya tsaya a bayanka, saboda inda yake nan kare zai duba. Sautin jan hankali, fito ne ko tafi, kada a yawaita shi, domin da ya saba ya daina aiki. Sannan a taƙaita zama. Idan dabba ta gaji, a dakata.

Haske da zafi

Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki. Shi ya sa farin rago da ya cika hoto kan fito toka-toka, sai ka ƙara haske da kanka. Baƙin kare kuma a gaban farin bango yakan zama dunƙulen duhu, ba ido ba baki. Maganinsa ka kai shi inuwa mai buɗewa, ka nemi bango mai ɗan duhu, haske ya zo daga gefe don ya fito da sheƙin gashi. Wanda ya taɓa ɗaukar ragon Uda, gaba baƙi baya fari, ya san matsalolin biyu a jiki ɗaya. A nan sai ka kare farin kada ya ƙone, ka ɗaga duhun daga baya.

Walƙiyar kyamara kai tsaye a bar ta. A bayan idon kare akwai wata shimfiɗa mai sheƙi da ke mayar da haske, ita ke sa idonsa ƙyalli da dare idan fitilar mota ta haska shi. Walƙiya za ta ba ka korayen idanu, kuma tana iya firgita dabbar.

Lokacin aiki shi ne da sassafe zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Hazon hunturu ma alheri ne ga mai hoto, domin yana tausasa rana. Wannan ba don kyan hoto kaɗai ba ne. Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake rage zafin jikinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, sa kare gudu da rana na iya kashe shi, musamman na ƙasashen waje masu yawan gashi ko gajeren hanci. Ɗora bayan hannunka kan siminti ko kwalta. Idan ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. A tanadi ruwa da inuwa. Abin lallashi kuma ya zama ƙananan yankan dafaffen nama ko hanta, da izinin mai shi. Ban da tsire da kilishi masu yaji, domin albasa da tafarnuwa suna cutar da kare, haka ma cakulan da inibi.

Karanta jikinsa

Kare yana gargaɗi kafin ya yi cizo, mu ne ba mu lura. Yawan hamma ba tare da barci ba, lasar baki, kau da kai, farin ido ya bayyana a gefe, wutsiya a matse tsakanin ƙafafu, duk alamun takura ne. Idan jikinsa ya sandare ya kafa maka ido, ja da baya a hankali, kada ka gudu. Kaɗa wutsiya ma ba kullum take nufin murna ba.

An taɓa kirana wani gida, mai gidan yana sayar da karnukan gadi. Yana so a tsokani wani babba da sanda har ya fito da fiƙoƙi, ɗansa ƙarami kuma ya tsaya a gefensa riƙe da sarƙa, don masu saye su ga zafin karen da kuma biyayyarsa. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba zan yi ba." Na nuna masa cewa kare tsaye ƙyam, ƙirji a buɗe, kunne a miƙe, ya fi nuna lafiya da kwarjini fiye da wanda aka fusata. Ya yarda, muka yi hakan, yaron na cikin gida. Kare da aka harzuƙa ba ya tantance wanda ya tsokane shi da wanda ya fi kusa da bakinsa.

Hoto yana kuma gyara sunan dabba ko ya ɓata shi. A 2014 Sophie Gamand, 'yar Faransa da ke aiki a New York, ta fara ɗaukar wasu karnuka da mutane ke tsoro a gidajen ajiye dabbobin da aka yasar, tana sa musu rawanin furanni don su samu masu ɗauka. Mu ma idan kullum gurnani muke nunawa, muna ƙara wa yara dalilin jifan duk karen da suka gani.

Ciwon haukan kare

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka karɓi aiki, tambayi katin allurar riga-kafin karen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan duk ta hanyar kare ne. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Idan kare ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar. Kada ka tsaya jiran ganin ko karen zai haukace. Ga masu karnuka, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana samar da allurar riga-kafin karnuka, kuma likitan dabbobi ne zai gaya muku lokacin maimaitawa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita aka ware don tunatarwa a kan wannan ciwo.

Sauran dabbobi ma sai an yi taka-tsantsan wajen ɗaukar hotonsu. Kada ka tsaya bayan doki, kada ka haska masa walƙiya a cikin cunkoson Hawan Daushe, kuma ka saurari ɗan barga. A Yankari kada ka miƙa wa gwaggon biri abinci don ya matso, kada ka bar mota ka nufi giwa. Dogon gilashin kyamara don wannan aka yi shi.

Kirana ga matasan masu hoto shi ne ku koyi halin dabba kamar yadda kuke koyon kyamara. Ku je wurin maharba da makiyaya, ku yi sallama, ku nemi izini, ku ɗauki karnukanmu a muhallinsu, kuma ku wanke hoto ku kai wa mai shi. Masu karnuka kuma, ku yi musu allura, kuma duk mai hoton da ya ce a tsokani dabba ko a tsayar da yaro kusa da wadda aka fusata, ku sallame shi. Allah ya tsare mu, ya sa albarka a sana'armu.